Ƙarar da ta tsayar da ni a dajin Falgore

Motata bas ce 'yar Japan, ƙirar 1998, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. Tun ranar da na saye ta na kwance kujerun baya, domin ba fasinja nake ɗauka ba. Nakan yi lodin wake da gero a Dawanau in hau Jos, in na sauke kuma in cika ta da dankalin Turawa da kabeji da karas a Farin Gada in gangaro 'Yankaba. Hanyar guda ce kullum: Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jengre, sannan hawan da zai kai ka cikin Jos. Ɗan yayata ne yaron motata, tare muke zuwa tare muke dawowa.

A cikin azumin 2023, watan Afrilu, muka wuce Jengre bayan azahar da buhunan wake, rana kamar ta dafa mutum a cikin rigarsa. Ni mai duba allurar zafi ne, kamar kowane direba da ya san ciwon kansa. Na duba a Saminaka, tana tsakiya. Na duba da muka fara hawa, tana tsakiya. Can sai na ji motar ta yi nauyi, ina taka totur ba ta amsawa, ga wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na sake kallon allura. Ba ta hau ba, sai ma ta ɗan yi ƙasa. Na ce a raina to ba zafi ba ne, ƙila mai ne ya yi datti. Na sauko giya biyu na ƙara taka ta. Ba mu yi wani nisa ba yaron ya ce, "Kawu, kujerata ta yi zafi, kuma ƙauri nake ji." Kafin in sami gefen da zan tsaya inji ya mutu da kansa.

Da ta huce muka buɗe lagireto, babu ko ɗigon ruwa. Wani ɗan tiyo ne da ke kai ruwa hita, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya tsage don tsufa, ruwan ya yi ta tsiyaya a kan kwalta muna tafe ba mu sani ba. Da mota ce mai bonet a gaba, ƙila da na ga tururi. A irin tawa komai a ƙarƙashinka yake faruwa, iska ta kwashe ta yi baya da shi.

Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji (bulok) da kansa (tof silinda), ya ƙone. Tof silinda kuwa, da yake na alminiyon ne, ya lanƙwashe, da aka kai shi wurin masu gogewa suka nuna mini tsaga tsakanin bawul biyu. Dole aka nemo ɗan Kwatano. Kwana 19 motar tana gareji, ƙaramar Sallah ta zo ta same ni babu abin hawa babu ciniki, ga kuɗin wata motar da ta ƙarasa da waken mutane.

Bakaniken da ke mini gyara abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Ranar da ake ɗaura sabon tof na tambaye shi abin da ya hana ni barci: "Baba, ta yaya inji zai ƙone allura tana tsakiya?" Bai ce komai ba, ya ɗauki sifana ya kwanto wani ɗan ƙarfe mai kama da kan harsashi daga jikin tsohon tof, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Wannan ne yake gaya wa allurarka labari. Kansa a cikin ruwa yake zama. Ruwa yake ji, ba ƙarfe ba. In ruwan ya zube, me ya rage masa ya ji? Iska. Kai kana kallon allura tana cewa lafiya lau, ƙarfe kuma yana can yana gasuwa."

Daga baya na gano abu na biyu. Allurar motoci da yawa an tsara ta ne ta zauna daram a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faɗi, don kada hankalin direba ya riƙa tashi in ta ɗan motsa. Inji yana 80 tana nan, ya kai 95 tana nan. Sai abu ya yi nisa take zabura. Ko da ta zabura ɗin ma, ba ta da baki. In idonka yana kan rami ko kan tirelar da ke tahowa, ta gama hawanta ba ka gani ba.

A garejin nan na haɗu da wani mai haƙar rijiyar burtsatse da ya kawo a-kori-kurarsa canjin baƙin mai. Ya ji muna maganar, ya kira ni ya nuna mini wani ɗan akwati a kan dashbod ɗinsa, bai fi kwalin ashana biyu ba, yana nuna lamba da jar wuta. Ya ɗaga bonet ya nuna mini inda wayar ta ƙare: wani ɗan zobe kamar washa, an ɗaure shi da noti a jikin tof silinda. Ya ce wannan zafin ƙarfen yake aunawa kai tsaye, da ruwa ko babu ruwa. Kai ne za ka sa masa lambar da kake so, in zafi ya kai ta ya yi ta ihu har sai ka tsaya. Gani ya kori ji. Na ce a ranar ba zan sake hawa Jos da kaya ba sai da irinsa.

Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano kwana biyu. Agogon zafi akwai su kala-kala, masu allura da masu lamba, amma waɗanda na tarar duk irin wanda ake yanka tiyon lagireto na sama a sa wani bututu a tsakani ne, abin awon ya shiga cikin ruwa. Ba na kushe su, suna nuna zafin ruwa daidai. Amma ni ciwon da ya kwantar da ni shi ne rashin ruwan, kuma wannan irin ma in ruwa ya zube makaho ne kamar na kamfani. Ga shi kuma ka ƙara wa motarka mahaɗa biyu da za su iya yoyo. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Daga ƙarshe yaron ne ya nemo na'ura mai zoben a intanet, aka aiko daga waje, ta yi sati uku a hanya. Kuɗinta har da na aikowa bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

A cikin kwalin akwai akwatin mai maɓalli biyu, da zoben da doguwar wayarsa, da wasu wayoyi biyu, ja da baƙa. Takardar da ke ciki ta ce tana nuna ƙarfin cajin batir ma, tana kuma yin wata ƙara daban in caji ya faɗi. Ban ba wannan muhimmanci ba a lokacin.

Kafin in kai ta gareji na so in tabbatar ba ƙarya take yi ba. Maiɗakina ta ɗora ruwa a tukunya, muka jona wayoyin a batirin da na cire daga mota, na tsoma zoben a ruwan yana tafarfasa ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. Lamba ta hau ta tsaya a 98. Na ce an cuce ni, ai tun a firamare aka koya mana a 100 ruwa ke tafasa. Yaron, da yake ya yi kimiyya a sakandare, ya ce, "Kawu, wannan a bakin teku ne. Kano ta fi teku tudu da mita wajen 480, shi ya sa. Da a Jos muka gwada, inda tudun ya kai mita 1,200, wajen 96 za ta nuna maka." Hankalina ya kwanta, na kuma ƙaru.

Wurin ɗaure zoben ne ya ci mana lokaci, kuma a nan ne duk aikin yake. Mai wayarin ya so ya maƙala shi a notin murfin tof na sama, don shi ne a kusa da hannu. Baba ya ce a'a, tsakanin murfin da tof akwai roba, zafin ba ya isa wurin yadda ya kamata, sai inji ya gama ƙonewa murfi bai sani ba. Ni kuma na nuna manyan notinan da suka danne tof ɗin a kan bulok. Baba ya harare ni ya ce, "Waɗannan da awo ake ɗaure su, kuma bi da bi. Ka kwance ɗaya ka ja wa sabon gasket ɗinka masifa." Ɓangaren salansa ma ba ya yiwuwa, domin nan kullum wuta ce, lambar za ta yi ta hawa da sauka da taka totur, ba za ka san gaskiya ba. Muka yi ta laluba da fitila har muka sami wani noti mai lamba 10 a jikin tof ɗin kansa, ta ɓangaren da iska ke shiga, can wajen baya, yana riƙe da wani ɗan ƙarfen waya. Baba ya ce nan ya yi, don silinda ta baya ita ce nesa da lagireto da fanka.

Aka kwance notin, aka goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, aka sa zoben ya kwanta ƙarfe da ƙarfe, aka ɗaure. Wayar aka bi da ita nesa da salansa da wayoyin fulogi, aka zura ta cikin tiyon roba a inda za ta ratsa bodi don kada kaifin ƙarfe ya ci ta. Ta yi tsawo da yawa, mai wayarin ya ɗauko filaya zai rage ta, na hana shi, don takardar ta ce kada a yanke. Aka naɗe ragowar aka ɗaure a ƙarƙashin kujera. Baƙar waya a jikin bodi, ja kuma a layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, da ɗan fiyus a tsakani. Na nace a kan fiyus ɗin nan. Na ga motar da ta kama da wuta a tasha saboda wayar rediyo da aka ja kai tsaye daga batir. Akwatin na manna shi a saman dashbod dab da sitiyari, inda idona zai faɗa kansa ba sai na sunkuya ba.

To wace lamba zan sa? Nan ne mutane ke kuskure. Mai burtsatse ya ce tasa a 95 take, amma tasa dizal ce, kuma zobensa ba a inda nawa yake ba. Zafin da ƙarfe ke nunawa ya danganta da wurin da ka ɗaura, ba lallai ya zo ɗaya da zafin ruwa ba. Lambar wani ba za ta yi maka aiki ba. Sai ka san motarka tana lafiya nawa take nunawa, sannan ka san in ta yi rashin lafiya.

Saboda haka na kai ƙarar can 105 don kada ta dame mu, na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na ba yaron. Tafiya huɗu yana rubutawa: wuri, lokaci, da lamba. Da asuba daga Kano zuwa Tudun Wada tana wasa tsakanin 68 da 72. Da rana a shimfiɗaɗɗiyar hanya 80 zuwa 84. A cunkoson cikin gari, in an tsaya ana ja da kaɗan-kaɗan, 88. A hawan bayan Jengre da cikakken lodi ta kai 92, sau ɗaya 93. Duk wannan hawa da sauka na digiri 25, allurar dashbod da ƙyar take matsawa. Na ɗauki mafi girman lambar na ƙara biyar, na tsayar da ƙara a 98.

Farkon ihun da ta yi ya kusa tsinka mini zuciya. Mun tsaya sallar la'asar a Saminaka, na kashe mota tana 86. Muka idar, bai fi minti goma ba, na murɗa makulli sai ƙara ta cika motar, lamba tana 101. Na kashe da sauri, muka leƙa ƙasa babu yoyo, robar ruwa tana nan a cike. Na kira Baba a waya. Ya ce, "Tayar da ita ka ƙirga talatin." Na tayar. Kafin in kai talatin ta sauko 93, ta ci gaba da sauka. Ashe in ka kashe inji, famfon ruwa ya tsaya, fanka ta tsaya, zafin da ke cikin ƙarfe sai ya taru a tof na ɗan lokaci kafin ya fara hucewa. Kowace mota haka take yi, ba mu dai gani ne. Tun daga ranar, in na sha doguwar tafiya ko hawa, nakan bar ta tana aiki a tsaye minti biyu kafin in kashe.

Abin da ban yi zato ba shi ne na'urar da na saya don zafi za ta nuna mini ciwon sanyi. Lokacin gyara Baba ya cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, ya jefar, kamar yadda akasarin bakanikenmu ke yi. Hujjarsu ita ce an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, mu nan zafi gare mu. Ban yi musu ba a lokacin. Amma da damina ta kankama, muna gangarowa daga Jos da sassafe cikin yayyafi a watan Agusta, sai in ga lamba tana 57, 58, har mu kai Saminaka ba ta taɓa 65 ba. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai, baƙin mansa ya fi saurin lalacewa, ƙarfe kuma ya fi cin ƙarfe. Ga shi tun ranar 29 ga Mayu ta shekarar aka cire tallafin man fetur, kowace lita sai ka ji ta a ƙirjinka.

Na je wa Baba da littafin yaron. Na ce, "Baba, ina so a mayar da tamostat." Ya ce, "Kai yaro, kana so ka sake ƙona tof?" Kuma ba maganar banza yake yi ba. A shekarunsa na gyara ya ga injina da yawa da tamostat ya maƙale a rufe, ruwa ya kasa zuwa lagireto, suka ƙone. Shi a wurinsa cirewa rigakafi ne, tunda direba ba shi da yadda zai sani kafin ɓarna ta auku. Na ce masa yanzu ai ina da yadda zan sani. In ya maƙale, kafin allura ta farka wannan ta yi ihu. Ya juya shafukan littafin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in je in sayo na asali, kada in kawo masa na bugi.

Na sayo, an buga 82 a jikinsa. Muka gwada shi a ruwan zafi, muka ga ya buɗe, aka ɗaura. Daga ranar motar ta canza hali. Minti kaɗan da tayarwa ta kai 83, ta zauna tsakanin nan da 86 ko da asuba ko da rana, ko a gangara ko a miƙe. A hawan Jengre kuwa 92 ɗin nan dai ta nuna, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Nan na fahimci abin da kyau: tamostat ƙasa yake tsarewa, ba ya barin inji ya yi sanyi fiye da kima. Saman kuwa aikin lagireto ne da fanka. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma. Man da nake sha zuwa da dawowa ma ya ragu, na gani a aljihuna.

Amfaninta mafi girma a wurina ba ihun ba ne, lambar ce da kake gani kullum har ta zauna maka a ka. Da bazarar 2024 ta shigo, hawan da na saba gani a 92 ya koma 94. Bayan sati biyu 96. Na ce zafin gari ne. Rannan ta kai 98 ta yi ƙara a tsakiyar hawa. Na sassauta ƙafa, na sami fili na tsaya, ban kashe ba tunda na ga fanka tana juyawa kuma babu yoyo, na bar ta tana aiki a hankali har ta sauko 89. Ban taɓa murfin lagireto ba. Wanda ya taɓa ganin fuskar da tafasasshen ruwan lagireto ya wanke ba zai buɗe shi da zafi ba har abada.

Da muka dawo aka sauke lagireto. Ta waje ƙaiƙayin Dawanau da ƙura sun toshe ramukan iska. Ta ciki kuma wani farin dutse ya kama bututun, sakamakon ruwan burtsatse da nake ta ɗura mata. Laifina ne wannan. Murfin ma robarsa ta tsattsage. Mutane na raina murfin nan, alhali lambar da ke kansa, 0.9 a nawa, matsin da yake riƙewa ce, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen 118. In roba ta mutu, ruwanka zai tafasa tun kafin 100, balle a tudun Jos. Aka wanke, na sayi sabon murfi, na koma zuba ruwan lagireto na gora. Hawan ya dawo 91. Duk tsawon makonnin nan allurar dashbod ko gezau ba ta yi ba.

Ƙanena da ya ga haka ya ce shi ma yana so a ƙaramar motarsa ƙirar 2007. Shi tasa tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD2. Tun 1996 aka wajabta ta a motocin da ake sayarwa a Amurka, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur. Ya sayi ɗan abin da ake cusawa a nan, yana aika zafin ruwa da caji da lambobin matsala zuwa wayarsa, ba yankan waya ba kwance noti. Abu ne mai kyau, har yakan gaya masa dalilin da fitilar inji ta kama. Sai dai na ja masa kunne: zafin da yake gani daga abin awon kamfani yake fitowa, wanda ke zaune cikin ruwa. Kuma ranar da ya manta bai buɗe manhajar ba, babu mai gargaɗinsa.

Tawa ma tana da iyakarta. Ba ta san ruwa ya ragu ba sai ƙarfe ya fara zafi. In babban tiyo ya fashe a tsakiyar hawa, tsakanin ihunta da ɓarna daƙiƙoƙi ne. Shi ya sa har gobe ba na tayar da mota da safe sai na buɗe lagireto na ga ruwa da idona, na matsa tiyo na ji ko ya yi laushi. Kuma ba ta taka birki. Na taɓa kwanciya zazzaɓi na ba wani direba motar ya yi mini sawu ɗaya, ya dawo na tarar ya zare fiyus ɗinta, wai ta dame shi da ƙara bayan ya tsaya cin abinci. Ban sake ba shi makullina ba.

A watan Nuwamba na 2024 muka makara a Farin Gada, ba mu baro Jos ba sai bayan magariba. Wajen ƙarfe goma na dare muna tsakiyar dajin Falgore, kabeji har rufi. Duk wanda ke bin hanyar ya san ba wurin tsayawa ba ne da dare, addu'a kake yi har ka ga fitilun Tudun Wada. Sai na ji wani fat a ƙarƙashin kujera, na'urar ta yi ƙara gajeriya, ba irin ta zafi ba. Lambar caji da ke zama 14.1 ta faɗo 12.2. Fitilar batir ta kama a dashbod.

Na san abin da zan yi da a shekarun baya ne. Zan ce caji ne ya ɗauke, batir zai kai ni gari, in ƙara wuta. Yaron ma abin da ya ce ke nan: "Kawu, don Allah kada mu tsaya a nan, mu ƙarasa shingen jami'an tsaro." Na kalli lambar zafi. Tana 85. Ina kallo ta koma 88, 91, 95, kamar ana ƙirga kuɗi. Fambel ne ya tsinke, kuma a injina bel ɗin da ke juya abin caji shi ne ke juya famfon ruwa da fanka. Ruwa yana nan cike, amma ya daina zagayawa. Ta kai 98 ta ɓarke da ihu. Allurar dashbod a lokacin ko motsi ba ta fara ba.

Ba zan ɓoye ba, ƙafata ta yi jinkiri a kan totur. Tsoron daji gaskiya ne. Amma na lissafa: in na ci gaba, minti biyu ko uku inji zai mutu da kansa kamar na Jengre, kuma a lokacin ba ni zan zaɓi inda zan tsaya ba, ba kuma zan iya tashi ba sai an ja ni. In na tsaya yanzu, ina da tsohon bel a ƙarƙashin kujera, wanda Baba ya hana ni jefarwa ranar da aka sa sabo. Na yi bismillah, na gangara gefe a wani wuri mai ɗan fili, na kashe. Da na sake murɗa makulli don in gani, lamba ta haura 103, ta tsaya nan, sannan ta fara saukowa.

Muka ɗaga kujera, zafi ya bugi fuskokinmu. Yaron ya riƙe fitilar waya, hannunsa yana rawa. Na zaro guntayen tsohon bel da suka naɗe a bayan fanka, na sassauta notinan abin caji da sifana 12 da 14, ina naɗe hannu da tsumma saboda ƙarfen ba ya taɓuwa. Muna cikin haka wata tirela ta taho daga baya, ta rage gudu, ta tsaya, ta bar fitilunta a kanmu. Gabana ya faɗi. Sai wani dattijo ya leƙo ya yi sallama ya ce, "Bayin Allah, lafiya?" Na ce bel ne. Ya ce, "To ku yi aikinku, ba na tafiya sai kun tashi." Ya sauko da yaransa biyu da babbar fitila. Ɗaya daga cikinsu ya danna mini abin caji da ƙarfen taya har bel ya yi tauri na ɗaure. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Allah ya saka masa da alheri, ya kai shi gida lafiya duk inda yake.

Kafin mu gama lamba ta sauko 79. Na tayar, caji ya koma 14.0, zafi ya hau 84 ya zauna. Tirelar ta biyo mu a baya har Tudun Wada, ya yi mana hon ya wuce. Mun shiga 'Yankaba kafin kiran assalatu, kabeji bai yi komai ba.

Da hantsi na kai ta gareji. Baba ya zaro sandar baƙin mai ya duba, babu alamar ruwa. Ya buɗe lagireto, da yake ta huce, ya sa na tayar, ya tsaya yana kallon bakin ko zai ga kumfa tana tasowa. Babu. Ya duba famfon ruwa da abin caji ko ɗayansu ne ya cije ya tsinka bel, ya tarar bakin fulin abin caji ya ci ya yi kaifi, aka canza shi da sabon bel, na kuma sayi na ajiya. Ya tambaye ni nawa ta kai, na ce 103. Ya gyaɗa kai, ya goge hannu, ya juya wurin yaron ya ce, "Kai, wannan abin naku na intanet, ka aiko mini da guda biyu. Ɗaya ta motar ɗana, ɗaya kuma akwai wani mai ɗaukar tumatir zuwa Legas da ya ƙona tof sau biyu bana."